Odinatar Ɗin Yaya Da Ta Ƙi Kama Rezo

Ta kama fa, 'yan uwa. Wallahi ta kama, kuma da wannan hannun nawa na tuƙin tuwo, ni Barira da na bar lakwal, makarantar boko, a aji shida. Tun jiya nake so in rubuto muku, rabi murna rabi haushi. Haushin ma ya fi yawa, don har yanzu in na tuna abin da Yaya Alkasum ya yi sai raina ya sake ɓaci.

Wadda yau ta fara karanta ni, bari in gaya miki a gurguje. Ina zaune a gidanmu a Birni, ni da Inna da 'yata Ummul Khairi, shekararta biyu da wata uku, babanta ya rasu tun ba ta fara rarrafe ba. Mai nemana Zakariya'u ne, mutumin Tirmini, yana da rumfar gyaran salula da odinatar, wato kwamfuta, a Kasuwar Dole. Watan jiya iyayensa suka kawo gaisuwa, goro da alawa da atamfa turmi biyu, har da 'yar riga ruwan hoda ta Ummi, wadda ba wanda ya ce ya saya. Yaya Alkasum kuwa shi ne babba a gidanmu tun rasuwar Baba. Yana aiki a biro, wato ofis, na wani proje, bai yi aure ba har yau, kuma tun ranar farko ya ƙi jinin Zakariya'u. Wai ba shi da diplom. Wai ɗan ƙauye ne. Wai ba a raba shi da turnabis, abin kwance kusa, a aljihun gaba.

Amma da odinatar ɗinsa ta fara zafi tana ƙara kamar injin markaɗe, wa ya kai wa? Wannan ɗan ƙauyen dai. Zakariya'u ya buɗe ta, ya wanke mata fanka, ya mayar masa ranar Juma'a bayan masallaci. Ko sannu bai samu ba.

Ranar Litinin Yaya ya je biro, yana da rahoton da zai tura Yamai kafin azahar. Odinatar ta ƙi kama wifi. Ta kowa ta kama, tasa ta ƙi. Shef ɗinsa, wato ogansa, ya yi masa faɗa a gaban mutane. Sai wani abokin aikinsa, irin masu sanin komai ɗin nan, ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce ai an cire mata kart ne, haka masu gyaran kasuwa suke yi, su zare kart ɗin da ke kama rezo, wato intanet, su sayar wa wani. Ko juya ta bai yi ba fa. Daga tsaye ya yanke hukunci.

Yaya ya hau moto, babur ɗinsa, sai Kasuwar Dole. Ya tsaya a gaban rumfar Zakariya'u, a gaban masu shayi da masu sayar da sharja da matan da suka kawo gyara, ya kira shi ɓarawo. Zakariya'u ya ce ya miƙo ta ya duba, minti biyar kawai. Yaya ya ce hannunsa ba zai sake taɓa ta ba, salon ya mayar da abin da ya sata a ɓoye. Bai tsaya nan ba. Ya yi bokal, saƙon murya, na minti huɗu ya jefa a gurup ɗin unguwa, da sunan Zakariya'u da layin rumfarsa, wai yana jan kunnen jama'a.

Ni a bakin wata maƙwabciya na ji. Ta shigo aron turmi tana yi min kallon tausayi.

Da ya dawo na tare shi a zaure. Na ce, "Yaya, ka buɗe ta ka ga babu kart ɗin?"

"Ke me kika sani a odinatar?"

"Ban san komai ba. Tambaya na yi."

"To ki je ki tambayi tukunya. Kuma ki ji da kyau, ranar Alhamis bayan la'asar Kawu Nomau zai mayar musu da tarkacensu Tirmini. Ba za mu haɗa zuri'a da mai ɗan hali ba. In na sake ganin ƙafarsa a ƙofar gidan nan, komisariya za mu kwana, wurin 'yan sanda."

Ya naɗe odinatar ɗin a cikin sallaya ya kai ɗakin Inna ya tura ƙarƙashin gado, wai shaida ce, kada kowa ya taɓa. Ku ji fa. Ya hana mai gyara ya duba, ya hana kowa ya duba, shi ma bai duba ba, kuma ita ce shaidar.

Kwana biyu ban ci abin kirki ba. Ina wanke kayan Ummi ina magana ni kaɗai. Zakariya'u kuwa saƙo ɗaya ya turo: "Maman Ummi, ban ɗauki komai ba. Allah ya sani." Wannan sanyin nasa ma haushi ya ba ni. An kira ka ɓarawo a tsakiyar kasuwa, kai kuma layi ɗaya.

Ranar Alhamis da safe, Yaya na fita, na ga Inna ta fito da atamfofin nan ta ɗora rigar Ummi a sama, ta ɗaure su a ɗankwali. Rigar da yarinya ta riga ta sa sau biyu, an wanke an goge za a mayar. Nan ne raina ya gama ɓaci. Na shiga ɗakin na durƙusa.

"Inna, ki ba ni ita. Awa ɗaya."

"Yayanku ya ce kada a taɓa." Inna ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne.

"Inna, in ya sata, ni da kaina zan ɗauki kayan nan in kai tasha."

Ta dube ni ta dubi ƙarƙashin gado. Ta ce, "Ni dai zan shiga wanka. Ban ga komai ba. Kuma wankan nawa yana daɗewa."

Na jawo ta na kai salo, falonmu, inda akwatin wifi yake a kan tebur kusa da tele. Na zaunar da Ummi da kofin kunu, na ɗauki salula na yi bokal: "Malam Zakari, ga ta a gabana. Ban iya komai ba, Faransancina na aji shida ne. Ka gaya min inda zan danna, kuma kada ka ce min in yi haƙuri, na gaji da kalmar."

Ko minti ɗaya ba a yi ba ya amsa. Muryarsa a dishe, ana jin hayaniyar kasuwa a bayansa.

"To, bismillah. Kafin ki kunna ta, salularki tana kan wifi ɗin gidan?"

"Tana kai. Da shi nake maka magana."

"Madalla. To akwatin lafiyarsa ƙalau, mun cire shi daga zargi. Kunna ta, ki duba can ƙasa, hannun dama, kusa da agogo. Ɗauko min hoto."

Na ɗauka. Wani ɗan zane ne da jan kuros a kansa. Na danna shi kamar yadda ya ce, babu sunan wifi ko ɗaya, ko namu ko na maƙwabta. Ya ce in kashe ta gaba ɗaya in sake kunnawa. Na ce wannan ai ko ni na san shi. Ya ce a yi dai, rabin gyaran duniya ke nan. Na yi. Jan kuros na nan daram.

Sai muka shiga mai wuyar. Ya ce in danna dama a kan alamar taga da ke ƙasa, in nemi wata kalma doguwa. Na karanta masa harafi harafi, ina gumi, yana cewa a'a, ta ƙasa, a'a, kin wuce. "Gestionnaire de périphériques." Wallahi ko a lakwal ban taɓa haɗuwa da kalma mai mugun hali irin wannan ba. Sau biyu ina buɗe wani abu daban. Da na samu, sai ga jerin sunaye sun zubo. Ya ce in nemi "Cartes réseau" in danna ɗan kibiyar gefensa.

Sunaye biyu suka fito. Na ɗauki hoto na tura.

Na ga ya buɗe hoton. Sai ga bokal, kuma a karon farko na ji muryarsa tana rawa.

"Maman Ummi, kin ga na biyun nan? Shi ne kart ɗin da aka ce na sace. Odinatar ba ta rubuta sunan abin da ba ya cikinta. Yana nan. Ita da kanta take faɗa."

Na zauna daɓas a kan leda. Kwana uku ana yawo da sunan bawan Allah a gurup gurup, ashe amsar tana ƙarƙashin gadon Inna a naɗe cikin sallaya. Na so in ɗauki hoton nan in watsa a take. Shi ya hana ni. Ya ce Yaya zai ce rubutu ne kawai, sai ta kama a gaban idonsa tukuna.

"Akwai alamar rawaya a gefen sunan, ko ɗan kibiya mai kallon ƙasa?"

"Babu komai. Fes yake."

"To ba pilot ba ne." Na ce wane pilot kuma, jirgi za mu tuƙa? Ya yi 'yar dariya ya ce wani ɗan rubutu ne da ke koya wa odinatar yadda za ta yi magana da kart, in ya lalace sai a ga alamar rawaya. Tunda babu, mu wuce.

Ya ce in nemo waya, irin mai kai kamar na tarho, takan zo a kwalin akwatin wifi. Na hau kujera na lalubo kwalin a saman armuwar ɗin kayan sawa, ƙura duk ta ɓata min hijabi. Ga wayar, rawaya, ko warware ta ba a taɓa yi ba. Na soka kai ɗaya a bayan akwatin, ɗaya a gefen odinatar. Jan kuros ya ɓace. Na buɗe shafi, ya buɗe.

"Ta kama!" na ce, har Ummi ta firgita ta zubar da kunu.

"Da waya ta kama. Zare ki gani."

Na zare. Kuros ya dawo. Na ji kamar in yi jifa da ita.

"Kada ki damu, mun matso. Yanzu mun san akwati lafiya, odinatar lafiya, kart yana ciki. Wani abu ne ya kashe shi. Danna dama a kan kuros ɗin, ki zaɓi na warware matsala, ta bincika kanta."

Ta yi ta juyi tana juyi. Ina goge kunu da ƙafa ɗaya, ido na kan ekaran, fuskar odinatar ɗin. Can ta rubuto layi guda, na karanta masa da ƙyar, ƙarshensa "désactivée." Wannan kam na san ta.

"An kashe, ko?"

"An kashe. Wannan tsohon samfuri ne, yana da ɗan maɓalli a jikinsa, a gefen dama wajen gaba, ana tura shi da farce. Da na ba shi ita a kunne yake, har fitilarsa shuɗiya na gani. Tura shi gaba."

Na duba gefen dama. Na duba na hagu. Na ɗaga ta sama kamar mai duba ƙwai. Na ce, "Babu wani maɓalli."

"Akwai."

"Malam, ido biyu gare ni. Sumul take."

"Na riƙe odinatar ɗin nan awa uku, Barira. Akwai."

Ran nan ya fara kiran sunana tsirara, kuma a cikin musu. Na ce to ga hoto, ka nemo shi da kanka. Na ɗauke ta gaba da baya da gefe na tura.

Ya rubuto: "Wannan baƙin mai ƙyalli fa? Mene ne?"

"Jikinta mana."

"Jikinta ruwan toka ne, duk ya kokkoje. Wannan leda ce. Da na ba shi babu ita."

Sai a lokacin na lura. Kun san masu manna leda a bakin kasuwa, waɗanda ake kai wa salula da rimot da takardar haihuwa su lulluɓe su? To an yi wa odinatar ɗin Yaya irin wannan, baƙa mai sheƙi da ɗan zare na zinariya a baki baki, an ja ta tsaf har gefe, an bi da wuta ta kama jiki. Kyau kam ta yi kyau, kamar sabuwa. Na shafa gefen dama a hankali da ɗan yatsa, sai na ji ɗan tudu kamar ƙwayar gero a ƙarƙashi.

Na ɗauko reza a kwandon ɗinkin Inna. Zakariya'u yana cewa a hankali, kada ki yanki jikinta. Ni kuwa a yadda nake ji, ko gatari aka ba ni zan sa. Na tsaga, na ɓare kamar tsawon ɗan yatsa. Ga maɓalli nan, ɗan mitsitsi, an ture shi baya. Mai leda ne ya ture shi wajen ja da shafawa, ya rufe a kansa, bai ma san ya yi ba.

Na sa farce na tura.

Fitila shuɗiya ta kawo. Sunaye suka zubo, namu, na gidan Alhaji na kusa, har na farmasin bakin titi. Ta kama namu ita kaɗai, ko lambar sirri ba ta tambaya ba.

Ban yi guɗa ba. Kuka na yi, irin na haushi. Inna ta fito da zane a ƙirji, ashe tun ɗazu tana bakin ƙofa, wankan ko fara shi ba ta yi ba. Ta kalli fitilar ta ce, "Wannan ɗan abin ne?" Na ce shi ne. Ta juya ta kwance ɗankwalin nan, ta zaro rigar Ummi ta miƙo min. Ta ce, "Sa mata."

Ƙarfe ɗaya da rabi muka ji moto. Na riga na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ɗora odinatar a kan kujerar tsugune, na kunna wa'azi da ƙarfi, babu waya ko ɗaya a jikinta. Na sa atamfata kore, na ɗaura kallabi, na zauna. Yaya ya shigo da kasko, hular kwanon moto, a hannu ya tsaya cak.

"Wa ya taɓa min ita?"

"Ni."

"Ya shigo gidan nan ke nan. Ya mayar da kart ɗin."

"Ba wanda ya shigo. Inna na nan. Ko kusa ɗaya ba a kwance ba, ka duba, ai ledarka ta rufe su duka."

Ya sunkuya ya ga inda na tsaga. Kun san abin da ya fara fita daga bakinsa? "Kin yaga min leda?"

Wallahi sai da na rufe ido na yi salati. Na ce, "Yaya, yaushe aka manna ta?"

"Ina ruwanki."

"Kafin ka kai gyara ko bayan ka karɓo?"

Ya ci gaba da shafa ledar. Inna tana tankaɗe a gefe, ba ta ɗago ba ta ce, "Kai, ana tambayarka."

"Ranar Juma'ar. Da na karɓo. A bakin kasuwa." Ya ƙara da cewa ai duk ta kokkoje ne, 'yan biro suna yi masa dariya.

Na tura maɓallin baya a gabansa, wa'azi ya ɗan yi gaba ya tsaya, kuros ya fito. Na tura gaba, ya dawo. Na sake. Sau uku na yi masa, a hankali, yadda ake nuna wa yaro. Na ce, "Ga ɓarawon naka. Daga hannun Zakariya'u ka kai ta hannun wani, kuma da ta ƙi aiki ko sau ɗaya ba ka tuna ba. Don shi kake so ya zama ɓarawon."

"Ke, ki iya bakinki. Ni sa'anki ne?"

"Ba sa'ana ba ne, shi ya sa maganarka ta yi nisa. Da ni na faɗa wa zai saurara?"

Ya zaro salula ya yi 'yan danne-danne ya ce shi ke nan, ya goge bokal ɗin. Wai ya goge. Bayan kwana uku, bayan an tura shi gurup ɗin 'yan kasuwa da na matan unguwa da na 'yan kabu-kabu. Na ce ya yi sabo, ya faɗi gaskiya da bakinsa, minti huɗu kamar wancan. Ya ce shi ba zai zubar da girmansa a gurup ba.

Inna ta ajiye rariya. Ban taɓa jin ta yi masa magana haka ba. Ta ce, "A kasuwa ka faɗa, a kasuwa za ka janye. Ka kira kawunka ka ce ya zauna gida. Abincinka yana nan, in ka dawo ka ci."

Ya tafi. Zakariya'u ya ba ni labari daga baya. Wai Yaya ya tsaya a bakin rumfa, ko sauka daga moto bai yi ba, ya ce, "An samu kuskure," a hankali kamar mai tambayar farashi. Mai shayi ne ya ce, "Mushe," yadda ake kiran ma'aikata da Faransanci, "ba mu ji ba, ran nan muryarka ta fi haka." Sai ya maimaita da ɗan ƙarfi. Zakariya'u ya miƙa masa hannu ya ce ba komai. Ni da ina wurin da akwai komai.

To ga albishir ɗin da nake ta ɗoki: kaya ba su koma ba, kuma Kawu Nomau ya ce tunda abin ya zama haka, a daina jan rai, bayan girbi za a ɗaura. Ummi tana yawo da rigarta tana nuna wa kaji.

Amma ban huce ba, kuma ga dalili. Tun ranar Litinin mutum shida suka je suka karɓe salulolinsu daga rumfarsa ba a gyara ba. Wata makaranta da ke kawo masa odinatocinta ta aiko a ce a dakata. Waɗanda suka ji "an samu kuskure" ba su fi goma ba, waɗanda suka ji bokal kuwa Allah kaɗai ya san yawansu. Har Tirmini ya kai. Wani ya kunna wa mahaifiyarsa a bakin rijiya, a gaban mata. Jiya da yamma ya turo min: "Iya ta ce ba ta hana ba. Amma tana so ta ga yarinyar da aka kira ɗanta ɓarawo a gidansu. Ranar Asabar." Na karanta sau biyar. Na fitar da atamfa uku na mayar, har yanzu ban san wadda zan sa ba, ban kuma san da wane ido zan kalli matar nan ba.

Yaya ya ce ba zai yi bokal ba, to ni na rubuta nawa. Don Allah duk wadda ta karanta, ki tura shi gurup ɗin da kika ji wancan. Ki tura wa 'yan Dole, ki tura wa 'yan Zango da Garin Malam, in kina da kowa a Tirmini ki fara da shi, ya isa can kafin Asabar. Ku ce Zakariya'u mai gyara bai ɗauki kart ɗin kowa ba. Kart yana ciki, maɓalli ne a ƙarƙashin leda, ni Barira na tsaga da reza na gani.